Aya ta koma farkon layi, shekaru sun juye: laifin mai shigarwa ne ko na manhaja?

Rabi'atu: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Agaji nake nema. Wata uku ke nan da aka mayar da ni sashen katalog, aka jibge min kwali goma sha ɗaya na littattafan Larabci da iyalan wani malami suka bayar waƙafi bayan rasuwarsa. Ina shigar da su a kwamfuta yadda aka koya mana, bisa tsarin katalog na MARC 21 wanda kowane bayani ke da gurbinsa mai lamba: sunan littafi da boko a gurbi na 245, sannan da Larabci a gurbi na 880. To idan na buɗe shafin da masu karatu ke gani, sai in tarar ayar ƙarshen layi ta tsallako ta zauna a dama, gaban kalmar farko. Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne shekaru. Na rubuta sunan Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo da Larabci, na sa 1754-1817 a gabansa. A wurin shigarwa yana nan lafiya lau, a shafin masu karatu kuwa 1817-1754 nake gani. Abokin aikina ya ce in rubuta su a juye tun daga farko, sai su fito daidai. Na gwada a rekod guda shida, wato bayanan littattafai shida a katalog, kuma ga ido sun fito daidai. In ci gaba da haka?

Auwal: Wa alaikumus salam. Don Allah ƙanwata ki dakata, kar ki ƙara ko ɗaya. Waɗancan shidan ma ki koma ki mayar da su yadda suke kafin ki manta lambobinsu.

Rabi'atu: To Yaya Auwal, ka tsorata ni. Me na ɓata?

Auwal: Yanzu abin da ke ajiye a rumbun bayananku shi ne an haifi Shehu a 1817, ya rasu a 1754. Idonki ne kawai ya ga gyara. Ranar da aka kwashe rekod ɗin zuwa wata manhaja, ko wani laburare ya ɗauka daga wurinku, ƙaryar ce za ta bi shi.

Bari in yi bayani, ku yi haƙuri zai ɗan yi tsawo. Kwamfuta ba ta ajiye rubutu daga dama ko daga hagu. Tana ajiye haruffa ne bi da bi yadda yatsa ya danna su, na farko, na biyu, na uku. Sai lokacin nunawa ne ake yanke inda kowane harafi zai tsaya a kan gilashi, kuma akwai ƙa'idar Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, da ke yin wannan hukunci. A ƙa'idar an raba haruffa gida uku. Akwai masu ƙarfi, waɗanda suka san alƙiblarsu: harafin boko daga hagu yake tafiya, na Larabci da na Ibrananci daga dama. Akwai masu rauni, su ne lambobi da 'yan rakiyarsu. Sai 'yan ba-ruwanmu, kamar sarari tsakanin kalmomi da yawancin alamomin rubutu, waɗanda maƙwabtansu suke bi. Ayarki tana ƙarshen layi, gefe ɗaya Larabci, ɗaya gefen babu kowa. Idan haka ta faru sai ta tambayi shafin: kai ina ka dosa? Shafinku kuwa an gina shi ne don Turanci, sai ya ce mata hagu zuwa dama. Shi ya sa ta je ta tsaya a inda jimlar Turanci ke ƙarewa, wato dama. Ba ki yi kuskure wajen danna ta ba.

Ustaz Hamza (Umdurman): Kafin Auwal ya ci gaba, ni ina da magana a kan shekarun. 'Yar uwa, abin da kika gani ba kuskure ba ne sam. Mai karanta Larabci idonsa daga dama yake tahowa. Ya gama karanta sunan Shehu, abin da zai fara cin karo da shi shi ne lambar da ke dama, wato 1754, sannan karan ɗori, sannan 1817. Haihuwa, sannan rasuwa. Ke ce kika karanta layin Larabci da idon boko. Mu nan haka muke ganinsa a littattafai da jaridu, ba wanda ya taɓa ɗaga kai.

Rabi'atu: Innalillahi. Ashe wanda ke daidai na bi na karkace. To amma me ya sa a wurin shigarwa bai juye ba?

Auwal: Saboda a wurin shigarwa akwai alamar ƙaramin gurbi, $d, tsakanin sunan da shekarun. Wannan d ɗin harafin boko ne, mai ƙarfi, lambobin sai suka bi shi. A shafin masu karatu an cire $d, lambobin suka koma jingine da harafin Larabci kai tsaye. Rubutu ɗaya ne, maƙwabci ne ya canja.

Bitrus: Sannunku da aiki. Ni a laburaren wata makarantar tauhidi nake a Filato, muna da Tsohon Alkawari na Ibrananci da ƙamusoshi da littattafan sharhi, ba su da yawa amma suna ba ni wahala fiye da yawansu. Abin da Ustaz ya faɗa ya ɗaure min kai, domin ni nawa ba ya juyewa. Na rubuta sunan Rashi, malamin Yahudawa mai sharhi, da Ibrananci, na sa 1040-1105, kuma haka yake fitowa, 1040 a hagu, 1105 a dama, ko a shafin masu karatu. Ibrananci ma ai daga dama yake. Ina bambancin?

Auwal: Madalla da tambaya, Malam Bitrus. Nan ne mutane da yawa ke zaton Larabci da Ibrananci Ɗanjuma ne da Ɗanjummai a wurin kwamfuta, alhali ba ajinsu ɗaya ba. Ƙa'idar ta ce idan lambobin 1, 2, 3 suka biyo bayan harafin Larabci, a ɗauke su a matsayin lambobin Larabci, kuma karan ɗori ba ya ɗinke lambobin Larabci biyu su zama abu guda. Sai kowace shekara ta tsaya da ƙafarta, a jera su daga dama. Bayan harafin Ibrananci kuwa lambobin suna nan a matsayinsu, karan ɗori ya ɗinke su, su tafi tare daga hagu. Ka gwada abu ɗaya ka sha mamaki: cire gajeren karan da ke kan kibod, ka sa dogon nan da Word ke sakawa da kansa. Za ka ga naka ma ya juye kamar na Rabi'atu, domin dogon ɗan ba-ruwanmu ne. Gwaji kawai, kar ka adana.

Bitrus: Na gwada. Ya juye. Shekara huɗu ina ganin wasu rekod haka wasu haka, ina zargin ɗaliban da ke taya ni aiki da sakaci. Ashe waɗanda aka kwafo daga Word ne.

Malam Inuwa: Salamu alaikum. Ina ta karanta ku ina murmushi. Ni na fara aikin nan da kati da tafireta, na yi ritaya kwamfuta tana shigowa. A zamaninmu littafin Larabci ya zo, ka buɗe jadawalin mayar da Larabci boko na Laburaren Majalisar Amurka, ka rubuta sunansa da boko, ka ɗauki biro ka sa layi a kan wasalin da ke da ja, ka sa ɗigo a ƙarƙashin wanda ke buƙata. In kana da kyan hannu ka ƙara Larabcin da alƙalami a saman katin. Aya ba ta taɓa gudu daga inda na ajiye ta ba. Shawarata ga 'yata Rabi'atu: ki rubuta da boko kawai, ki bar 880 ɗin nan. Kwali goma sha ɗaya ba wasa ba ne, kuma shugabanki adadin littafin da kika gama zai ƙirga, ba kyan layi ba.

Hajiya Larai: Allah ya gafarta Malam, kai ka koya mana aikin nan kuma ba mu isa mu ja da kai ba, amma a nan kam zan ɗan ja. Wa ke zuwa neman waɗannan littattafan? Ɗaliban sashen Larabci da malaman zaure da almajiran ilimi. Na zauna a teburin tambaya na ga abin da ke faruwa. Yaro ya zo yana neman Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Bello. Haka ya san sunan, haka malaminsa ke faɗa. A katalog kuwa an rubuta Infaq al-maysur, da layi a kan a da u. Ya buga Infaƙul, babu. Ya buga Infakul, babu. Ya buga Maisur, babu. Ya tafi ya ce laburare ba shi da shi, alhali kwafi uku ne a kan kanta. Da Larabcin na nan, da ya buga shi yadda yake a bangon littafi ya samu nan take. Bokon da muke yi wa Larabci mu kaɗai muka iya shi, mu ma'aikata.

Malam Inuwa: Hajiya, a da ai mai karatu tambayar ma'aikaci yake yi.

Hajiya Larai: Yanzu daga ɗakin kwanansa yake tambayar waya, Malam, da ƙarfe ɗayan dare.

Malam Inuwa: To na ji wannan. Amma ku amsa min: idan aka bar boko, ta yaya za a jera littattafai a kan kanta da cikin jerin sunaye? Baƙaƙen Larabci da na boko ba sa shiga layi ɗaya.

Auwal: Ba wanda ya ce a bar boko, Baba. Tsarin MARC 21 ya ba da hanya biyu. Ta farko ita ce wadda Rabi'atu ke bi, boko a gurbin asali, rubutun ainihi a 880, a ɗaure su da igiya. Ta biyu a zuba Larabcin kai tsaye a 245 ba tare da 880 ba. Laburaren da ke ƙasashen Larabawa da Isra'ila galibi ba su da dalilin mayar da nasu boko. Mu da ke da littattafan Turanci da Hausa da Larabci a kanta ɗaya, ta farkon ta fi mana.

Igiyar nan ita ce nake zargi a matsalar ayar. Rabi'atu, duba min ƙaramin gurbi $6 na 880 ɗinki, ki kwafo min abin da ke ciki harafi da harafi.

Rabi'atu: 245-01 kawai aka rubuta.

Auwal: Ga ɓarawon nan. Cikakkensa shi ne 245-01/(3/r. 245 ɗin gurbin da yake wakilta ne, 01 lambar igiyar da ta haɗa su, (3 na nufin rubutun Larabci, r ɗin ƙarshe kuma shi ke cewa a shimfiɗa layin daga dama. Malam Bitrus, naka (2 ne a madadin (3. Manhajoji da dama da wannan r ɗin suke gane cewa su juya layi. Koha misali, wadda laburare da yawa a Najeriya ke amfani da ita, tana duba ko $6 ya ƙare da /r, in ta gani sai ta gaya wa burauza cewa wannan layin na dama ne. In babu, ko kuma an bar sarari a bayan r ɗin, sai layin ya bi alƙiblar shafi.

Rabi'atu: Na ƙara a rekod ɗaya. Wallahi ayar ta koma hagu, ƙarshen layi. Kwana tara ina fama da wannan abin.

Mahamadu (Yamai): Barkanmu ƴan uwa. Mu a nan ɓangaren tsarin katalog na UNIMARC aka fi sani, gadon Faransa, kuma babu 880 a cikinsa. Gurbin ake maimaitawa, a rubuta 200 sau biyu, ɗaya boko ɗaya Larabci, a sa alamar rubutu a $7: ba na boko, fa na Larabci, ha na Ibrananci. Hanya daban, ciwon kai iri ɗaya. Amma abin da ya fi damuna ba ku taɓo shi ba, shi ne ajami. Larabci yana da gata, manyan kamfanoni sun yi masa aiki. Waƙar Hausa da aka rubuta da ajami fa? Ƙasar nan tamu cike take da su, daga Cibiyar IRSH ta Yamai har Gidan Arewa a Kaduna da taskar Waziri Junaidu a Sakkwato. Ka zo rubuta baitin farko a katalog, tunda yawancinsu ba su da suna sai da baitin farko ake gane su, sai ka rasa harafin ɓa, ka rasa tsa, ka rasa ɗigon imala.

Auwal: Haruffan suna nan a Unicode, Malam Mahamadu. Ɗa mai hannu da ɗigo uku a sama na tsa ya daɗe a ciki. A 2005 aka ƙara wani rukuni da ya ƙunshi baƙaƙen Afirka da ɗigon imala na ƙasa. A 2016 aka ƙara fa da ƙaf da nun na rubutun Warash, waɗanda ɗigonsu ke ɓacewa a ƙarshen kalma yadda muke rubutawa a allo. A 2020 aka ƙara wasu masu ɗigo uku saboda Hausa. Abin da ke ƙaranci shi ne kibod da salon haruffan da zai nuna su. Ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL sun fitar da biyu kyauta da suka dace da mu: Harmattan, da Alkalami wanda aka zana shi a kan hannun Kano.

Mahamadu (Yamai): Na san su, ina da su a kwamfutata. Mai karatu da ke buɗe katalog a wayarsa fa? Shi akwati-akwati yake gani a tsakiyar kalma.

Auwal: Sai a ɗora salon haruffan a kan shafin katalog ɗin kansa, yadda duk wanda ya buɗe zai sauko masa tare da shafin. Aikin rabin yini ne ga wanda ke kula da sabar ku. Amma ka lura da wani tarko. Tsohon tsarin haruffa na MARC-8 bai san waɗannan sababbin baƙaƙen ba. In rekod ɗin ajami ya bi ta cikinsa, ko wajen fitarwa ko wajen shigowa, za su lalace. Ka tabbata matsayi na 09 a layin farko na rekod ɗin (Leader) yana ɗauke da harafin a, wato Unicode.

Hajiya Larai: Ni a kan ajami ina da ra'ayin da na san wasu ba za su so ba. In ka rubuta fa ta Warash mai ɗigo a ƙasa, yadda take a takardar, ka yi wa takardar adalci. Amma mai nema da kibod ɗin Larabci na wayarsa fa mai ɗigo a sama zai danna, kuma a wurin kwamfuta harafi biyu ne mabambanta. Ba zai samu ba. Don haka mu a wurinmu na ce a rubuta da baƙaƙen Hafsi da kowa ke da su, a yi bayani a gurbi na 546 cewa asalin da Warash yake.

Mahamadu (Yamai): Hajiya, da girmamawa, wannan ban yarda da shi ba. Fa ta Hafsi mai ɗigo ɗaya a sama, a idon wanda ya tashi da Warash ƙaf ce. Kin canja wa marubucin harafi. Kuma mai bincike da ke Landan ko Alƙahira yana son ya san hannun da aka yi rubutun da shi tun daga katalog.

Hajiya Larai: Mai binciken Landan zai karanta 546. Almajirin Zariya ba zai samu littafin ba sam. Wa ya fi hasara?

Auwal: Ku duka biyun kuna da gaskiya, kuma ba a wurin shigarwa ya kamata a raba wannan gardama ba. Injin bincike ana iya koya masa ya ɗauki fa ta Warash da ta Hafsi a matsayin abu ɗaya wajen nema, kamar yadda ake koya masa ya yi biris da hamza a kan alif, ko ya daidaita ta marbuɗa da ha. Sai a rubuta yadda takarda ta zo, nema kuma ya kama duka.

Hajiya Larai: Auwal, kai kana da wanda zai taɓa injin bincike, domin kai ne shi. Mu wanda ya girka mana manhajar kwangila ya yi ya tafi, lambarsa ma ba ta shiga. Har a samu irinka, Hafsi zan ci gaba da sa wa, in ƙara na Warash a 246, gurbin wata siffar sunan littafi, in lokaci ya bari.

Mahamadu (Yamai): In dai za a sa duka biyun, na sauko. Amma da ni ne, Warash a sama, Hafsi a 246.

Ustaz Hamza (Umdurman): Ku bari in ba ku dariya. Duk abin da kuke kuka da shi, mu a juye yake zo mana. Shafinmu gaba ɗaya daga dama yake, Larabci yana zaune lafiya. Littafin Turanci ne baƙo. Sunan da ya ƙare da alamar tambaya sai ka ga alamar ta koma hagu gaban kalmar farko. Lambar kanta kuma, wato wadda ke nuna mazaunin littafi a kan kanta, irin mai haruffa da lambobi da aya a haɗe, in ta faɗo tsakiyar jimlar Larabci sai ta wargaje, yaro ya kwafa a takarda ya je yana neman kantar da babu ita. Kowa da baƙonsa.

Bitrus: Wani ya taɓa nuna min wata dabara: akwai harafin da ba a gani, ana sa shi bayan aya sai ta zauna. Na yi amfani da shi a wasu rekod. Halal ne ko haram, Malam Auwal?

Auwal: Makaruhi ne, Malam Bitrus. Sunansa alamar dama-zuwa-hagu, lambarsa U+200F, yana da ɗan uwa na hagu U+200E. Harafi ne mai ƙarfi amma ba shi da jiki, sai ayar ta ga maƙwabci ta bi shi. Yana aiki. Illarsa ita ce wanda zai gaje ka ba ya ganinsa. Sunan marubuci ɗaya, wani da alamar wani babu, manhaja tana iya lissafa su mutum biyu, ka zuba ido ka ga babu bambanci ko na ɗigo. In ya maƙale a bayan /r kuwa, ya kashe igiyar da muka gama magana a kai. Ni ina ajiye shi ne don inda babu makawa, kamar sunan Larabci da kalmar Turanci a tsakiyarsa da ta ƙi zama. Abin da ya shafi layi gaba ɗaya, a shafin nunawa ake gyara shi: a sa wa gurbin dir="rtl", ko dir="auto" ya duba harafin farko mai ƙarfi ya bi shi. Gyara ɗaya, rekod dubu su warke, ba a taɓa ko ɗaya ba.

Tun 2013 ma ƙa'idar ta ƙara wayo, ta koyi haɗa baka biyu su fuskanci juna. In har yanzu kana ganin baka ɗaya ta juya wa 'yar uwarta baya a ƙarshen layi, to abin da ke nuna maka rubutun tsoho ne.

Malam Inuwa: Harafin da ba a gani. Allah mai iko. Mu aljani muke kiran wannan.

Amma bari in tuna muku abu ɗaya da kwamfuta ba ta canja ba, domin na ga ba wanda ya ambata. Alif da lam na farkon suna ba a jera littafi da su. A kati mukan tsallake su da ido. A 245 akwai alamomi biyu a farkon gurbin, alama ta biyu ce ke faɗin haruffa nawa za a tsallake. In ka rubuta al- da boko, uku ne, har da karan. To 'yata, a 880 kar ki kwafi ukun nan. Da Larabci harafi biyu ne, alif da lam. In kika sa uku kin cinye harafin farko na sunan.

Rabi'atu: Baba, ukun na yi ta kwafa. Duka.

Bitrus: Ni ma haka. Ha- da boko uku, da Ibrananci harafi ɗaya tak. Yau na ga ta kaina.

Auwal: Wannan ni ma ban tuna da shi ba, Baba. Allah ya ƙara girma.

Malam Inuwa: Ka ga amfanin kati ke nan. Kuma kada ku ɗauka wahalar nan a kanku aka fara. Manyan laburaren Amurka ma sun yi shekaru suna boko zalla a kwamfuta, sai wajen ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 rumbunsu na haɗin gwiwa ya fara karɓar Ibrananci sannan Larabci. Manhajar laburare ta Aleph kuwa a Jami'ar Ibrananci ta Ƙudus aka ƙirƙire ta, mutanen da rubutunsu daga dama yake farawa tun asali. Wanda abu ya dama shi ke gyara shi. Ajami kuma mu ya dama.

Rabi'atu: Tambaya ta ƙarshe, ku yi haƙuri da ni. Wasu sunayen daga PDF nake kwafowa don sauri. Wani lokaci suna zuwa baƙaƙen a rarrabe kuma a juye, wani lokaci suna da kyau amma in na neme su ba sa fitowa. Sannan jerin da aka ba ni a Excel wasu layukan Ø§Ù„ suke farawa da shi.

Auwal: Cuta biyu ce. PDF hoton shafi yake ajiyewa fiye da rubutu, sau da yawa yana jera baƙaƙen ne yadda ido ke ganinsu daga hagu, kuma yakan ba ki siffar harafi ta farko ko ta tsakiya ko ta ƙarshe a madadin harafin kansa. Ido ya ga ba, kwamfuta ta ga wani abu daban, shi ya sa nema ba ya kamawa. Ki daina kwafa daga PDF, ki buga da hannunki, ya fi sauri a ƙarshe. Na Excel kuwa alif da lam ne aka ajiye da UTF-8, tsarin ajiye haruffan Unicode, aka buɗe da tsarin haruffan Turai. Rubutun bai mutu ba. Kar ki adana fayil ɗin a haka, ki rufe, ki shigo da shi ta hanyar shigo da bayanai ki zaɓi UTF-8. In kuma alamun tambaya kika gani jere, ????, wannan kam ya riga mu gidan gaskiya, sai a nemo asalin.

Wajen bugawa kuma, in akwatin shigarwa yana rikita miki ido, danna Ctrl da Shift na dama a Windows, akwatin zai juya ya fara daga dama. Gani kawai yake canjawa, ba ya ƙara komai a rekod.

Hajiya Larai: Sauran rekod ɗin da ba su da /(3/r kar ki bi su ɗaya bayan ɗaya. Ki fitar da su, ki buɗe a MarcEdit, manhajar gyaran rekod da yawa a lokaci guda, ki gyara $6 gaba ɗaya, ki mayar. Amma ki ajiye kwafin asali a gefe tukuna, kuma ki fara da guda goma.

Rabi'atu: Na dawo da rahoto. Shidan nan na mayar da shekarunsu, Shehu ya koma an haife shi kafin ya rasu. Rekod 214 na gyara wa $6, na mayar da alama ta biyu daga uku zuwa biyu a duk mai alif da lam. Shafin masu karatu ya yi kyau, har wani malamin sashen Larabci ya leƙo ofis yana tambayar wa ya yi. Abokin aikina har yanzu yana cewa 1817-1754 ba ta yi masa daɗin gani ba, na ce ya fara karantawa daga dama. Saura abu ɗaya: injin buga 'yar takardar da muke mannawa a bayan littafi yana fitar da Larabcin a rarrabe, alif can, lam can, daga hagu. Yaya Auwal?

Auwal: Wannan shirin da ke haɗa takardar ne bai iya ɗinka baƙaƙe ba, ba rekod ɗinki ba. Turo min hoton takardar da sunan injin ta akwatina in duba. Kafin nan ki buga lambar kanta kawai a kai.

Malam Inuwa: Ki rubuta sunan da alƙalami a ƙasan lambar, 'yata. In ba ki da tawada mai kyau ki aiko, ina da saura.